Daga Karari Zuwa Burmi: Wa Ya Ƙirga Namu?

Bari in fara da tona asirin kaina kafin in tona na wasu, don kada a ce laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani. Shekara uku cur na yi ina karatu a Hartum ban taɓa taka Gidan Halifa ba, ballantana filin Karari. Nisa bai hana ni ba. Gada ɗaya ce tsakanina da Omdurman, kuma da wuya mako ya wuce ban haye ta ba, ko zuwa kasuwa sayen turare da jallabiyar tsaraba, ko zuwa cin gasasshen nama da abokai. Na san inda ake canjin dala da daraja, na san mai shayin da ta fi kowa iya haɗa gahawa da citta, amma gidan da Halifa Abdullahi ya mulki Sudan daga cikinsa sai dai in hango shi ta tagar mota. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Cikin tarin ɗalibai 'yan Arewa da 'yan Nijar da muka zauna tare, waɗanda na san sun shiga gidan nan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wanda ya kunyata ni wani dattijo ne tela a kasuwar Omdurman, mai irin tsohuwar Hausar nan ta Sakkwatawa da ba ta taɓa gamuwa da Turanci ba. A Sudan aka haife shi, a Sudan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya fito daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, yana ɗan saurayi, cikin ayarin da ya tsira daga yaƙin Burmi. Wata rana na kai masa ɗinki, muna hira sai ya ce, “Ɗana, ka je Karari?” Na ce, “Baba, ban je ba tukuna.” Ya ce, “Shekararka nawa a garin nan?” Na ce uku. Ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, “To me suke koya muku?” Kwana uku bayan haka ya rufe shago, ya sa ni gaba.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a taƙaice. Muhammadu Ahmad ya yi da'awar shi ne Mahadi a 1881 a tsibirin Aba. A 1883 mutanensa, waɗanda ake kira Ansaru, suka halaka rundunar Masar da Janar Hicks ke jagoranta a Shaikan. Ranar 26 ga Janairu 1885 suka ci Hartum, aka kashe Gordon. Bai yi wata shida da wannan nasara ba ya rasu, sai Halifa Abdullahi, mutumin Darfur daga ƙabilar Ta'aisha, ya gaje shi, ya riƙe ƙasar shekara 13 daga Omdurman.

Gidan nasa yana daura da ƙubbar Mahadi. In kana tsammanin fada irin ta sarakunan Masar, za ka sha mamaki. Gini ne na tubali mai gajerun ƙofofi da tsakar gida bayan tsakar gida, kai ka ce wani babban gida ne a cikin birnin Zariya. An fara shi wajen 1887, aka ɗora benen a 1891, daga can sama mai gidan yake hango masallaci da gari. A ciki na ga jibbar Ansaru, farar riga mai maho launi-launi, wadda asalinta tufar talauci ce ta masu gudun duniya kafin ta zama kakin soja. Na ga masu da takubba da sulke, irin sulken da mahayanmu ke sawa ranar hawan salla. Na ga bindigogin da aka ƙwace daga sojan Masar, da tutoci masu rubutun Larabci, da kuɗin ƙarfe da daular ta buga da kanta, da takardun kuɗin da Gordon ya sa wa hannu lokacin da aka tsare shi a Hartum. A tsakar gida ga kan tsohuwar ƙubbar Mahadi da igwa ta kayar, an ajiye shi a ƙasa. Can gefe kuma ga wata tsohuwar mota ƙirar Arrol-Johnston, ta Gwamna-Janar Wingate, wadda ake cewa ita ce mota ta farko da ta shigo Sudan.

A gaban motar nan na daɗe a tsaye. Wingate shi ne ya bi sawun Halifa har Umm Diwaikarat, inda ranar 24 ga Nuwamba 1899 Halifa ya ga babu sauran dabara, ya shimfiɗa buzunsa, ya zauna da manyan amiransa suna fuskantar alƙibla har harsashi ya same su. A lokacin da na je, motar wanda ya kashe shi tana fake a cikin gidansa. Wannan ba abin mamaki ba ne in ka san cewa Turawan mulkin mallaka ne suka mayar da gidan wurin adana kayan tarihi a 1928. Mafarauci ne ya rataye fatar zaki a zaurensa. To amma ka riƙe wannan, mai karatu, don zan dawo kansa: da bai rataye ba, da ni da kai ba mu ga fatar ba.

Daga nan muka kama hanyar arewa. Karari ba ta fi kilomita 11 daga tsakiyar Omdurman ba, kuma gari ya riga ya ci rabin filin, unguwanni sun mamaye inda dawaki suka yi sukuwa. Abin da ya rage fili ne na tsakuwa da ƙaya, ga dutsen Surkab daga kudu, ga tsaunukan Karari daga arewa, ga kogin Nilu daga gabas. A nan ne ranar Juma'a, 2 ga Satumba 1898, Ansaru kimanin dubu 50 suka fito da asuba suka tunkari Kitchener, wanda ya ja daga a bakin kogi da sojan Ingila kimanin dubu 8 da na Masar da Sudan kimanin dubu 17. Yana da igwa, yana da jiragen ruwa na yaƙi a bayansa, yana da bindigar Maxim, wadda kakanninmu suka sa wa suna bindiga mai ruwa, mai aman harsashi wajen 600 a minti ɗaya. Kafin rana ta take tsaka an gama. Ansaru fiye da dubu 10 sun kwanta, fiye da dubu 13 sun ji rauni, da yawansu aka bar su cikin rana har suka cika, wasu aka ƙarasa su a kwance. Yaƙub, ɗan'uwan Halifa, ya faɗi a gindin baƙar tuta tare da waɗanda suka ƙi barin ta. A ɓangaren Kitchener waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba.

Dattijon nan ya kai ni bakin wata ƙorama da ta ƙafe. A wurin akwai ɗan ginshiƙi na marmara da aka kewaye da shingen ƙarfe. Wannan shi ne abin tunawa da sojan doki na Ingila, runduna ta 21 ta masu māsu, waɗanda suka yi sukuwa a kan abin da suka zaci 'yan tsirarun mutane ne, ashe Usman Diƙna ya ɓoye fiye da mutum dubu 2 a cikin kwarin. Cikin 'yan mintoci aka kashe musu mutum 21. Wauta ce ta soja wadda ba ta ƙara wa nasararsu komai ba, amma da yake akwai wani saurayi mai alƙalami a cikinsu, Winston Churchill, ita ce ta fi komai suna a labarin wannan rana. An ba uku daga cikinsu lambar yabo mafi girma ta Ingila. Sunan kowane ɗaya daga mutum 21 ɗin nan yana rubuce a kundin rundunarsa, da muƙaminsa. Hatta dawakin da suka rasa an ƙirga su, 119 ne.

Na tambayi dattijo, “Baba, su kuma dubu goman fa?” Ya buɗe tafin hannu ya nuna filin gaba ɗaya.

To, a nan ne mai saurin fushi zai ce bari mu zagi Bature. Bismilla, akwai abin zagi. Kitchener ya sa an ragargaza ƙubbar Mahadi, an tone gawarsa an jefa a Nilu, an cire ƙoƙon kansa, abin da har Churchill da kansa ya soka a littafinsa na 1899. Da ya koma gida aka ba shi sarautar Lord, majalisa ta ƙara masa da fam dubu 30. Amma rigimata yau ba da shi ba ce. Wanda ya kafa wa matattunsa dutse ya yi abin da ɗan halak ke yi wa nasa. Rigimata da mu ce, ni da kai, masu cika baki da tarihin kakanni a dandalin sada zumunta, waɗanda in aka ce mu kawo sunan mutum goma da suka mutu suna kare ƙasarmu a 1903 sai mu fara tari.

Kada wani ya ce mini Karari ta Sudan ce, ina ruwan Bahaushe. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mutanenmu ke sauraron bayyanar Mahadi daga gabas, suna kuma bin hanyar nan da ƙafa zuwa hajji. Da yawa sun yada zango a bakin Nilu ba su ƙara gaba ba, su ne ake kira Fallata ko Takari, kuma an yi yaƙe-yaƙen Mahadiyya da su a cikin sahu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa daga Balda a ƙasar Adamawa, duk da cewa fadar Sakkwato ba ta yarda da da'awar ba. Ni ma ban zo gardamar ko shi ne Mahadi ko ba shi ba ne, wannan na bar wa malamai. Abin da nake cewa shi ne jibba ba ta faɗin ƙabilar mai ita, kuma cikin waɗanda suka kwanta a filin nan akwai masu mafarki da Hausa da Fulatanci.

Sannan bindigar da ta yi aiki a Karari ba ta huta ba. Shekara biyar ba su cika ba ta iso mana. Shi kansa Lugga ya yi aikin soja a Sudan, a yankin Sawakin, a 1885, kafin a turo shi ƙasarmu. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya kama hanyar gabas, talakawa suka riƙa barin gonakinsu da garuruwansu suna bin sa, har abin ya firgita Turawa. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, aka kore su a karon farko cikin watan Mayu, suka dawo ranar 27 ga Yuli. Aka kashe Attahiru da mutum fiye da 600. Aka sare kansa aka ɗauki hoto don a nuna wa masu shakka, kamar yadda aka yi wa gawar Mahadi wulaƙanci don kada kabarinsa ya tara jama'a. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda garin da suka kafa yake ɗauke da sunansa har gobe. Kakan telan nan yana cikinsu.

Yanzu ka lura da wani abu da ya fi komai ci mini rai. Na ce fiye da dubu 10 a Karari. Daga ina na samo? Hafsoshin Kitchener ne suka zaga filin suka ƙirga gawa. Na ce fiye da 600 a Burmi. Daga rahoton waɗanda suka yi kisan. A Satiru, kusa da Sakkwato, inda a watan Maris 1906 aka shafe gari guda na talakawa da bayin da suka gudo, bayan sun kashe Turawa uku a watan da ya gabata, ana cewa an kashe wajen mutum dubu 2. Wannan ma lissafinsu ne. Turawan ukun an san su, Hillary da Scott da Blackwood. Manjo Marsh da ya mutu a Burmi an san shi. A Keffi akwai tsauni sukutum da ake kira da sunan Kyaftin Moloney. Mu kuwa hatta yawan gawarwakinmu sai mun je mun aro daga littafin wanda ya harbe su, sunayensu kuma ko aron babu inda za a yi.

Mutanen Sudan sun fi mu ƙoƙari, gaskiya ɗaya ce. Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, ya sake gina ƙubbar mahaifinsa a 1947. Bayan samun 'yanci sun sauke gumakan Gordon da Kitchener daga titunan Hartum aka mayar da su Ingila. Sun sa wa ƙaramar hukuma sunan Karari, sun sa wa jami'a. Mafi muhimmanci, wani hafsan sojansu, Ismat Hasan Zulfo, ya zauna ya bi takardun Mahadiyya, ya bi tsofaffi yana tambaya, ya rubuta littafi guda a kan yaƙin daga bakin waɗanda aka ci, har aka fassara shi zuwa Turanci a 1980. Mu fa? Filin Giginya mun mayar da shi sunan filin ƙwallo da bariki da otal. Ka tare ɗalibin sakandare a Kano ko Katsina ka ce ya nuna maka Burmi a taswira. Ka tambayi malamin nasa ma.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a zaure da kuma a intanet.

Na farko zai gyara rawani ya ce gina abu a kan kabari bidi'a ce, kafa dutse koyi da Nasara ne. Malam, Allah ya gafarta, ban ce a sassaƙa gunkin kowa ba, ban ce a tayar da ƙubba ana shafa ta ba. Na ce a rubuta suna. Mutanen Badar an san su ɗaya bayan ɗaya, malaman tarihin Musulunci sun jera su da sunan uba da ƙabila. Shahidan Uhudu 70 ne, an san su, kuma duk alhajin da ya je Madina sai an kai shi ya tsaya a wurin ya yi musu addu'a. Al'ummar da ta ƙirƙiro ilimin sanin masu ruwaya, ta bi diddigin dubban mutane da shekarar haihuwarsu da ta rasuwarsu, ita ce za a ce wa rubuta sunan mamaci baƙon abu ne? Lalacinmu ne kawai muke sa wa rawani.

Na biyu zai ce an ci mu da yaƙi, me za a tuna a cikin abin kunya? Wannan bai san me ake zuwa nema a filin daga ba. Ni dai abin da na koyo a Karari ban same shi a aji ba. Jaruntaka ba ta yi ƙaranci a ranar nan ba, har abokan gaba sun shaida. Abin da ya ci su shi ne layin dogo da Kitchener ya shimfiɗa cikin hamada daga Wadi Halfa, da masana'antar da ke ƙera harsashi, da shawarar fitowa fili da rana tsaka maimakon kai hari da dare. Yaron da ya tsaya a wurin nan ya auna tazarar da ke tsakanin mai mashi da mai bindiga da idonsa ba zai ƙara yarda da mai ce masa laya da kirari sun isa ba. Da mun riƙa kai yaranmu irin wuraren nan, wataƙila da masu ruɗar su da sunan jihadi sun sha wahalar samun mabiya.

Na uku ya fi su hujja, kuma ba zan kauce masa ba. Zai ce daular Halifa ba aljanna ba ce. Haka ne. A zamaninsa aka yi yunwar 1889 da mutanen Sudan ke kira Sanat Sitta, wadda ta cinye garuruwa. A 1897 rundunarsa ta yi wa Ja'aliyyawa kisan gilla a Matamma. An yi cinikin bayi a kasuwar Omdurman, kamar yadda aka yi a kasuwannin daular Sakkwato. Kuma kada mu manta, kashi biyu cikin uku na sojan Kitchener Musulmi ne 'yan Masar da Sudan, kamar yadda akasarin waɗanda suka harba wa ganuwar Kano igwa baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausa suke ji. A Satiru kuwa har da dakarun sarakunanmu aka yi aikin, shi ya sa ba a son tayar da zancen. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa nake son gidan tarihi maimakon maroƙi. Maroƙi zai ba ka rabin da ke da daɗi. Gidan tarihi na ƙwarai zai ajiye maka tuta, ya ajiye marin bawa kusa da ita, ya bar ka da su.

Wanda yake ganin duk wannan hirar masu ƙoshi ce, bari in nuna masa inda rashin rubutu yake yanka. Dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta yi a 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897, wato kafin Karari. Ka ga ke nan jama'ar Mai Wurno, da suka iso bayan Burmi, doka ta bar su a waje, kuma waɗanda kakanninsu suka riga wannan rana zuwa, har suka yi yaƙi a Karari, sai su kawo shaida. Ina shaidar? An sassauta dokar daga baya, amma tabon bai goge ba. Mutanen da suka yi noman auduga a Jazira tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 har yau ana ce musu baƙi. A watan Yuli 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a kan ko Hausawa suna da ikon samun masarauta da ƙasa, ya sake tashi a watan Oktoba, aka kashe ɗaruruwan mutane, dubbai suka bar gidajensu. Zancen da aka riƙa jifan su da shi ɗaya ne: ku ba 'yan nan ba ne. Ban ce allon sunaye zai tare harsashi ba. Amma wanda ake ce wa baƙo a ƙasar da kakansa ya zubar wa jini, kuma ba shi da takarda ko dutse ko littafin da zai nuna, an riga an ci shi rabin shari'a tun bai buɗe baki ba.

Sai kuma ga abin da ya faru tun daga 15 ga Afrilu 2023. Yaƙi ya tashi tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, ɗalibanmu suka fito a motocin safa ta iyakar Masar da Port Sudan, muka yi ta addu'a har suka iso gida, daga nan muka juya baya. Babban gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum, mai ɗauke da kayan daulolin Kush da Nubiya na dubban shekaru, ya faɗa hannun RSF. Da soja suka karɓe birnin a watan Maris 2025 aka tarar an kwashe shi, har da ɗakin zinariya. Hukumar UNESCO tun a 2024 take roƙon dillalan kayan tarihi na duniya kada su sayi abin da ya fito daga Sudan. Gidan Halifa ma, wanda ba a daɗe da gyara shi ba, bai tsira daga ɓarna da sata ba. A ita kanta ƙaramar hukumar Karari, ranar 1 ga Fabrairu 2025, aka yi ruwan bama-bamai a kasuwar Sabrin, mutum fiye da 50 suka mutu. Filin dai shi ne, kuma yanzu ma adadi muke ji.

Za a ce mutane na mutuwa kana kukan tsohuwar riga. Ina kukan mutanen, kuma su ne gaba. Amma ku lura, hannun da ya fasa akwatin gilashi ya ɗauki takobi shi ne ya fasa ƙofar gida ya ɗauki rai, duka biyun ya ɗauke su ganima. Kuma ran da yaƙin nan zai ƙare, ran da za a zauna a ce wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, wa ya riga wa zuwa, abin da aka sace ɗin nan shi ne shaidar da za a nema. Ban ga wata ƙungiyar marubutanmu ko ta tsofaffin ɗaliban Sudan, mu da muka ci gurasar ƙasar muka sha ruwan Nilu, da ta fitar da ko takarda ɗaya a kan wannan ba. In an yi ban gani ba, a gyara mini, zan yi murna.

Abin da nake nema bai kai kuɗin dinar biki ɗaya na 'ya'yan manya ba. Sassan tarihi na jami'o'inmu a Sakkwato da Kano da Zariya da Gombe su tura ɗalibai gida-gida, a ƙasar Gombe da Misau da Bauci, da wajen jikokin masu hijira a Sudan, su tattara sunayen waɗanda suka bi Attahiru, wanda ya faɗi da wanda ya wuce gabas. Zuriya ba ta manta wanda ya tafi bai dawo ba, akwai tsofaffin mata da har yanzu za su jero maka su. A buga abin da aka samu da Hausa, da boko da ajami, a ajiye kwafi a Gidan Arewa na Kaduna da gidan tarihin Waziri Junaidu a Sakkwato, a kuma zuba shi a intanet inda ɓarawo ba zai sa shi a buhu ba. A kafa allo a Burmi. A kafa a Satiru, ko da wasu manya za su ɓata rai. Shugaban makarantar da ke iya tara kuɗin walimar yaye ɗalibai yana iya ɗaukar hayar mota ɗaya zuwa Gidan Makama. Kai kuma mai waya a hannu, kakarka tana nan a ɗaki, kana da abin naɗar murya, me kake jira?

Na faɗi wannan na ƙarshe ne da ciwo. A hanyarmu ta dawowa daga Karari, muna cikin raksha, dattijon nan ya lissafa mini mutum bakwai da suka fito tare da kakansa daga gari ɗaya. Ya faɗi sunan kowa da na ubansa, ya ce wane ya kwanta a Burmi, wane zazzaɓi ya ɗauke shi a Wadai, wane ya kai Makka bai dawo ba. Ina da biro a aljihu, ina da waya a hannu. Na ce a raina zan dawo wata rana in zauna da shi sosai in rubuta. Na gama karatu na taho gida ban koma ba. Yau sunaye biyu kawai nake iya tunawa cikin bakwai ɗin, ɗayan ma ina shakkar sunan uban. Lambarsa kuwa tun watan Afrilun 2023 nake kira, ba ta shiga.